Yadda Ake Koyon Kalmar "Honour" da Danginta Ba Tare da Ruɗewa Ba

Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya furta kalmar *honour* sau ɗaruruwa tun bai san me take nufi ba. Kowace safiya a layin asambali, da an gama taken ƙasa sai a shiga alkawarin yi wa ƙasa biyayya, wanda Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976, har a zo inda ake cewa *uphold her honour and glory*. Mun haddace, mun girma da shi. Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin yamma na manya, inda ake samun ma'aikatan ofis da masu shagon buga kati da masu shirin sake WAEC, kuma duk sabon ajin da na tambaya ma'anar wannan kalma, amsa ɗaya suke ba ni: "Girma, Malam."

Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai wanda ya tsaya a kan "girma" zai rasa ta cewa ranar da ya karanta cewa banki ya ƙi *honour* ɗin cek, ko ya ga an rubuta *Hons* a gaban digirin wani. A Turanci kalma ɗaya ce, amma in ta shigo Hausa gida biyar ko shida take sauka. Shi ma "mutunci" namu, in za a kai shi Turanci, rarrabuwa yake yi. Shi ya sa haddar "wannan daidai yake da wancan" ba ta kai mutum ko'ina a wannan fage. Ga hanyar da nake bi da ɗalibaina. Rabin awa kullum na mako biyu ya isa.

Kayan aiki

Ka nemi sabon littafin rubutu, wanda ba za ka haɗa shi da lissafin cefane ko lambobin waya ba, da biro biyu, shuɗi da ja, da rula.

Sai ƙamus iri biyu. Na farko shi ne na Turanci zuwa Turanci wanda aka yi domin masu koyo, irin su Oxford Advanced Learner's ko Longman ko Cambridge. Fa'idarsu ita ce suna raba ma'anoni da lamba, kuma kowace ma'ana da jimlar misalinta. Na biyu na Turanci da Hausa: ƙaramin ƙamus ɗin Neil Skinner da aka daɗe ana sayarwa a shagunan littattafai na Arewa, ko na Roxana Ma Newman na 1990, wanda ya fi zurfi. In kana son bin diddigin kalmomin Hausar kansu, na Bargery na 1934 yana intanet.

In ba ka da kuɗin ƙamus na takarda, na Cambridge da na Oxford kyauta ne a waya, har da maɓallin da za ka danna ka ji furuci. In data ce matsalar, ka ware rana ɗaya ka buɗe shafukan kalmomin da za mu bi, ka ɗauki hotonsu ka adana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka jefa kalma ɗaya tilo cikin manhajar fassara ka kwafi abin da ta ba ka. Kalma ba tare da jimla ba kamar mutum ne ba tare da unguwarsu ba, ba za ka san ko wane ne ba.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran amfani: ka tara tsofaffin katunan gayyata na biki da na ƙaddamar da littafi da na naɗin sarauta, da jaridar Turanci ko biyu, da takardar shirye-shiryen taro in ka samu. A nan ne waɗannan kalmomi suke zaune.

Mataki na 1: Fara daga Hausa

Kada ka buɗe ƙamus a rana ta farko. A shafin farko ka jera kalmomin nan, kowace da layinta: mutunci, girma, daraja, martaba, ƙima, ɗaukaka, alfarma, girmamawa, karramawa, kunya. A gaban kowace ka rubuta jimla guda irin wadda za ka faɗa a gida ko a kasuwa. "Ya ci mutuncina a gaban jama'a." "Ku yi mini alfarma ku zauna." "An karrama shi da lambar yabo." "Kaya ya yi daraja." "Ka ja girmanka."

Dalili shi ne, yawancinmu ba mu taɓa zama mun bambance su ba, domin bakinmu ya san inda kowace take shiga. Amma da ka rubuta su jere za ka ga abin da nake so ka gani. Mutunci abu ne da mutum yake da shi a jikinsa, ana iya zubar da shi, shi ya sa aka ce tsira da mutunci ya fi tsira da kaya. Girmamawa kuwa wani ne yake yi maka. Karramawa tana da rana da wuri da shaidu. Wannan bambanci tsakanin abin da ke cikin mutum da abin da jama'a suke ba shi, shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Mataki na 2: Gyara furuci da rubutu

Ba a furta *h* ɗin farkon kalmar. Baturen Ingila "ona" yake cewa, na Amurka kuma wani abu kusa da "anar". Mu Hausawa muna da *h* mai ƙarfi a harshenmu, don haka ido na ganin harafin baki yake son fitar da shi. Abin da zai taimake ka yana cikin Hausa tuni: "Onarabul" muke cewa, ba mu taɓa cewa "Honarabul" ba, domin da kunne muka ari kalmar.

Tunda da wasali furucin ya fara, *an* ake sa mata a gaba: *an honour*, *an honest man*, *an honourable woman*. Rubuta *a honour* kuskure ne da mai gyaran jarrabawa ba ya ɗaga wa ƙafa. Kalmomin *hour* da *heir* su ma haka suke. Amma kada ka zarce ka cire *h* a ko'ina. *Honey* da *hotel* da *hospital* ana furta nasu.

Kalmar asalinta Latin ce, ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Wanda ya yi boko a Nijar zai gane ta nan take, domin ita ce *honneur*. Sai dai ya kula: Faransanci yana ninka *n* a wannan kalma, Turanci ba ya ninkawa ko a wace siga.

Rubutu iri biyu ne. Ingila *honour*, Amurka *honor*. Noah Webster ne ya tabbatar da na Amurka ta hanyar ƙamus ɗinsa na 1828, haka ya yi wa *colour* da *labour*. Makarantu da ofisoshin Najeriya da Gana na Ingila suke bi. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa cikin takarda guda. In kwamfutarka tana ja wa *honour* jan layi, harshen da aka saita mata ne na Amurka, sai ka canza.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Ko a rubutun Ingila, ba duk dangin ne suke riƙe *u* ba. Ka ja layi tsakiyar shafi. A dama ka rubuta masu *u*: *honour*, *honoured*, *honourable*, *dishonour*. A hagu, da jan biro, marasa *u*: *honorary*, *honorarium*, *honorific*. Wani ɗalibina mai aiki a shagon buga kati ya taɓa shigowa aji da kati a hannu, mai ruwan zinare a gefe, yana so in yaba. A layi na uku an rubuta *Honourary Chairman*. An riga an buga ɗaruruwa, an kai wa mai su. Shiru ya yi, ya juya katin ya kife a kan tebur. Tun daga ranar nake sa kowane aji su rubuta waɗannan uku sau goma-goma kafin mu wuce.

Mataki na 3: Raba ma'anonin kalmar

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Ka ba kowace ma'ana shafinta. A saman shafi ka rubuta kalmar Hausa, a ƙasa jimlolin Turanci aƙalla uku, ɗaya daga ƙamus, ɗaya daga katunan da ka tara ko jarida, ɗaya taka ta kanka.

Shafi na farko: mutunci da riƙon gaskiya. Wannan ita ce *honour* da ba a ƙirgawa, ba ta ɗaukar *an*, ba ta da jam'i. *A man of honour* shi ne mutumin da in ya faɗi magana ba ya tashinta, mai mutunci, dattijon arziki. *I give you my word of honour* daidai yake da mutum ya ce "na ba ka amana, mutuncina na sa." *Family honour* mutuncin gida ne. Ita ce ta cikin alkawarin asambali: kare mutuncin ƙasa da martabarta.

Shafi na biyu: girmamawar da ake nuna wa wani. *In honour of* na nufin "domin girmama wane", kamar walimar da aka shirya wa malami mai ritaya. *Guest of honour* shi ne babban baƙo. *Guard of honour* faretin ban girma ne da sojoji ko 'yan sanda suke yi wa shugaba. *Maid of honour* kuwa babbar ƙawar amarya ce a bikin Turawa.

Shafi na uku: abin alfahari, alfarmar da aka yi maka. A nan ake sa *an*. *It is an honour to meet you*, wato "haɗuwa da kai abin alfahari ne a gare ni." A tsofaffin wasiƙun gwamnati za ka ga *I have the honour to inform you*, salon ladabi ne na ofis, har yau ana amfani da shi tsakanin ofisoshin jakadanci. Kada ka sa shi a saƙon waya zuwa ga abokinka, zai yi nauyi.

Shafi na huɗu: lambar yabo. Wannan ana ƙirga ta, kuma sau da yawa da jam'i take zuwa, *honours*. *National honours* su ne lambobin girmamawa na ƙasa. A Najeriya dokar 1964 ce ta kafa su, gida biyu: *Order of the Federal Republic* da *Order of the Niger*, kuma kogin Neja ake nufi a nan. Kowane gida hawa huɗu gare shi, daga *Member* zuwa *Officer* zuwa *Commander* zuwa *Grand Commander*. Daga nan haruffan da kake gani bayan sunayen manya suka fito: MFR, OFR, CFR, GCFR a gida ɗaya, MON, OON, CON, GCON a ɗayan. GCFR ita ce ƙololuwa, shugabannin ƙasa aka saba ba wa. A 2018 an ba marigayi M.K.O. Abiola ita bayan rasuwarsa. Aliko Ɗangote ya samu GCON a 2011. Chinua Achebe kuwa sau biyu yana ƙin karɓar CFR, a 2004 da 2011, kuma a irin wannan labari za ka ga an rubuta *he declined the honour*. Faransa tana da tata, *Légion d'honneur*, wadda Napoleon ya kafa a 1802. A wannan shafi ne kuma za ka sa *honours degree*, digirin farko mai daraja-daraja, wanda ake gajarta shi *Hons*. *First Class Honours* ita ce daraja ta ɗaya. Da guminsa ɗalibi yake samun ta, a ɗakin jarrabawa.

Shafi na biyar: aikatau, wato *honour* in tana nuna aikin da aka yi. Fuska biyu gare shi. Ta farko karramawa: *The school honoured its oldest teacher*, makaranta ta karrama malaminta mafi daɗewa. Ta biyu ita ce wadda ɗalibai ba sa tsammani, wato cikawa. *Honour a promise* cika alkawari. *Honour an agreement* mutunta yarjejeniya, yin aiki da ita. *Honour an invitation* amsa gayyata, kuma 'yan Najeriya suna yawan faɗin wannan a jawabin godiya. In banki ya *honour* cek, ya biya ke nan. In babu kuɗi a asusun ya dawo da shi, ya zama *dishonoured cheque*, kuma dokar Najeriya ta 1977 ta mai da bayar da irin wannan cek da gangan laifi. In ka duba da kyau, zaren bai tsinke ba: wanda ya cika alkawari mutuncin maganarsa ya tsare.

Kuskuren da ake yi a wannan mataki shi ne a kwafe ma'anonin ƙamus duka a zama ɗaya. Shafi ɗaya a rana ya fi. In jimlarka ta kanka ta gagara, ka ɗauki ta ƙamus ka canza sunan mutum da wuri zuwa naka.

Mataki na 4: Dangin jini

Uku ne suke rikita mutane: *honourable*, *honoured*, *honorary*.

*Honourable* sifa ce ta mai mutunci ko aikin mutunci. *He did the honourable thing and resigned*, ya yi abin da mutunci ya tanada, ya sauka. *Honoured* shi ne wanda aka karrama, ko wanda yake jin an yi masa alfarma. *Honorary* kuwa abin da aka ba mutum don girmamawa ba tare da ya bi hanyar da aka saba ba, ko muƙamin da ake riƙewa ba albashi. *Honorary doctorate* digirin girmamawa ne, wanda ake rubuta masa *honoris causa* da Latin, ma'ana "saboda girmamawa". *Honorary secretary* sakataren ƙungiya ne na sa kai. Ka lura, gajartawar *Hon.* tana iya zama ta *Honourable* ko ta *Honorary*. Abin da ya biyo bayanta ne zai nuna maka.

Akwai wani dattijo da ya yi aji da mu, magatakarda ne, mutum mai kunya ƙwarai. An sa shi jawabin godiya a taron tsofaffin ɗalibai, ya kawo mini takardar bayan an yi taron, an ninke ta huɗu, gefenta ya yi laushi saboda riƙo. Jimlar farko ita ce *I am very honourable to stand before you*. Da na gaya masa cewa abin da ya faɗa shi ne "ni mutum ne mai daraja ƙwarai", alhali *I am honoured* yake nufi, wato "kun karrama ni", sai da idonsa ya kawo ruwa. Mutumin da bai taɓa yabon kansa da Hausa ba, Turanci ya sa shi ya yi a bainar jama'a. Wannan ne ya sa nake ɗaukar darasin nan da muhimmanci. Ka rubuta da jan biro: in kai ne mai magana a kan kanka, *honoured* ce taka.

Sauran ba su da wuya. *Honorarium* ɗan tukuici ne da ake ba wanda ya yi lacca ko wani aikin da ba a yanka masa farashi ba, abin da za mu ce na goro. *Honorific* laƙabin girmamawa ne, irin su Alhaji da Hajiya da Malam a wajenmu. *Honest*, mai gaskiya, daga saiwa ɗaya suka fito da *honour*, shi ya sa ita ma *h* ɗinta shiru. *Dishonour* zubar da mutunci ne, *dishonourable* kuma aikin ashsha.

Mataki na 5: Maƙwabta

Yanzu ka koma shafin farko, inda ka jera kalmomin Hausa, ka fara neman wa kowace jimla Turancinta. Za ka tarar *honour* ba ta shiga rabinsu.

*Dignity* ita ce ta fi kusa da mutunci a ma'anar da kowane ɗan Adam yake da shi, talaka ne ko sarki. Sashe na farko na Bayanin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya ce ana haihuwar mutane daidai a *dignity* da haƙƙoƙi, sashe na 34 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuma ita yake karewa. Ana iya ba mutum *an honour* a karɓe, amma *dignity* ba gwamnati ce take bayarwa ba. In an wulaƙanta majiyyaci ko fursuna, *dignity* ɗinsa aka taɓa. Tana kuma nufin kamun kai da natsuwa, kamar wanda aka yi wa rashin kunya ya ja girmansa ya yi shiru.

*Respect* ita ce ta yau da kullum: ganin girma, ladabi, biyayya. Yaro yana *respect* ɗin na gaba da shi. Sau da yawa inda ɗalibi ya sa *honour*, wannan ce ta dace, domin *honour* tana da nauyin taro da riga babba. Sai dai ita ma tana da 'ya'ya uku masu kama da juna. *Respectful* mai ladabi, shi yake girmama wasu. *Respectable* wanda ake gani da mutunci, ɗan gidan kirki. *Respective* ba ruwanta da girma ko kaɗan; *they went to their respective homes* na nufin kowa ya kama hanyar gidansa. Masu shirya tambayoyin jarrabawa suna son waɗannan uku.

*Reputation* suna ne, abin da ake faɗa a kanka in ba ka nan, mai kyau ko maras kyau. "Ya ɓata mini suna" ita ce *he damaged my reputation*. *Integrity* riƙon amana ne da tsayuwa kan gaskiya ko ba mai gani. Danginsu ɗaya da *integer* ta darasin lissafi, lamba cikakkiya wadda ba a gutsure ta ba, kuma wannan hoton yana taimaka wa ɗalibai su riƙe ta. *Prestige* ƙima ce da muƙami ko makaranta ko sana'a take jawo wa mutum a idon jama'a. *Glory* ɗaukaka. *Pride* kuwa wuƙa ce mai baki biyu, tana zama alfahari mai kyau, tana zama girman kai, jimla ce kawai za ta raba.

Ta ɓangaren kishiyoyi, *disgrace* abin kunya ne da ya fito fili, *humiliation* wulaƙanci da tozarci, *insult* zagi ko cin fuska. "Ya ci mutuncina" yawanci *he humiliated me* ce ko *he insulted me*. Wanda ya fassara ta kalma da kalma, Bature zai zaci maganar abinci ake yi.

Sai kunya. Ita kam ba ta da gida ɗaya a Turanci, kuma a ganina babu laifi mu yarda da haka. Kunyar wanda aka kama da laifi *shame* ce. Kunyar yaro a gaban baƙi *shyness*. Kunyar wanda ya yi tuntuɓe a taro *embarrassment*. Amma kunyar da take hana mace faɗin sunan ɗanta na fari, ko take sa mutum ya kauce wa surukinsa a hanya, mafi kusa su ne *modesty* da *reserve*, kuma duk ba su cika ba. In ka ce *she is ashamed of her first son*, ka ce tana jin ɗan nata abin kunya ne, ka juya maganar gaba ɗaya. A irin wannan wuri jimla guda ta bayani ta fi kalma ɗaya.

Mataki na 6: Abokan tafiya

Kowace kalma tana da waɗanda take yawo da su, kamar yadda muke cewa "zubar da mutunci" ba ma cewa "zubar da martaba" sai nadiran. Ka haddace su a dunƙule. Ana *confer* ko *bestow an honour on* mutum. Ana *defend* ko *uphold* mutunci. Yaro yana *bring honour to* iyayensa. Ƙananan kalmomin da ke biyo *honoured* su ne suke canza ma'ana: *honoured with* sai abin da aka bayar, *honoured for* sai dalili, *honoured by* sai wanda ya karrama, *honoured to* sai aikatau. Ka gwada haɗa uku a jimla ɗaya: *She was honoured by the university with a medal for her service*. In ka iya gina irin wannan da sunan wani naka, ka wuce wurin.

A kati, tsayayyar magana ita ce *request the honour of your presence*. Kada ka yi mata kwaskwarima.

Mataki na 7: Laƙabi

Ka ɗauko katunan nan ka duba yadda aka jera manya. *His Excellency* Mai Girma, na shugaban ƙasa da gwamna da jakada. *His Royal Highness* Mai Martaba. *His Eminence* Mai Alfarma, na Sarkin Musulmi. *Honourable* a Najeriya ana sa wa 'yan majalisar wakilai da na jiha da ministoci da kwamishinoni da ciyamomi har da kansiloli; sanatoci *Distinguished* ake ce musu, kakakin majalisa kuma *Right Honourable*. A kotun Amurka *Your Honor* ake ce wa alƙali, abin da ake ji a finafinai ke nan. A babbar kotun Najeriya *My Lord* lauyoyi suke cewa, a gaban majistare kuma yawanci *Your Worship*, kamar yadda a kotun shari'a ake cewa "Allah ya gafarta Malam."

Gargaɗi ɗaya: a al'adar Ingila, wasu ne suke kiran mutum *Honourable*, shi ba ya kiran kansa. In kana rubuta wa maigidanka wasiƙar da za ta fita waje, ka bar laƙabin a saman takarda ko a jikin ambulan, wajen sa hannu ka sa sunansa da muƙaminsa kawai.

Mataki na 8: Gwada kanka

Ka rubuta jimlolin Hausa goma a hagun shafi, Turancinsu a dama. Ka rufe dama da takarda ka fassara da baki, da ƙarfi, domin kunnenka ya ji ko *h* ta kuɓuce. Washegari ka rufe hagu ka dawo da su Hausa. Duk wadda ka faɗi a kanta ka sa mata ɗigon ja, ka sake ta bayan kwana uku, sannan bayan mako. In kana da abokin karatu, ku riƙa yi wa juna. In babu, ka naɗi muryarka a waya ka saurara kana duba littafin.

Ga biyar da nake fara ba ɗalibaina, kowace kalmarta daban: "Gwamnati ba ta cika yarjejeniyar da ta yi da ma'aikata ba." "An shirya walima domin girmama sabon alƙali." "Jami'a ta ba shi digirin girmamawa." "Ko fursuna yana da mutunci." "Yarinyar tana da ladabi." Ta farko aikatau *honour* take nema, ta biyu *in honour of*, ta uku *honorary*, ta huɗu *dignity*, ta biyar *respectful*. In ka ci huɗu, ka ɗauko kati na gaba da ya shigo gidanku, ka riƙe jan biro, ka karanta shi layi-layi tun daga sunan babban baƙo.